Gida Ɗaya Tak a Tudun Aduwa

Maganar ta iso Tasawa tun da hantsi. An ce wai Umaima, matar da ƙungiyar manoma ta ɗora wa rubuta gidajen Tudun Aduwa don rabon irin wake, ta share sunan kowa ta bar gidan surukinta shi kaɗai. An ce takarda ta fito daga ordinatar, wato kwamfuta, an liƙa ta a ƙofar maigari, suna ɗaya tak a kanta: Ƙadri Mamudu. An ce kuma yau bayan la'asar za a tara gari a sa ta gaba, a karɓe aikin daga hannunta, a kira ta maciya amana a gaban 'ya'yanta.

Ramlatu mai ƙosai ce ta kawo labarin zauren Madam Sa'a, tana faɗa tana gyara goyo.

Madam Sa'a ta tsufa, amma kunnenta da idonta ba su tsufa ba. Ta yi aikin buga takardu a biro, wato ofishin gwamnati, tun zamanin mashin mai ƙararrawa, daga baya aka kai ta Maraɗi sashen ƙididdiga, a gabanta ordinatar ta shigo ta kori mashin. Da ta ajiye aiki sai ta koma koya wa 'yan mata buga rubutu a zaurenta. Umaima na cikin waɗanda suka bi ta hannunta kafin aure ya kai ta ƙauye, can bayan Urafane.

"Ke kin ga takardar?" in ji Madam Sa'a.

"Ni ina zan gan ta, Madam? Amma kowa ya faɗa. Kuma ordinatar ce ta hiddo ta. Ai ordinatar ba ta ƙarya."

"Wa ya gaya maki?"

Ramlatu ta yi sororo. "Haka dai ake cewa."

"In ni zan cuci gari, Ramlatu, gidaje kaɗan zan cire in yi shiru, ba mai ganewa sai an gama shuka. Wace irin macuciya ce za ta share gari duka ta bar sunan gidansu tsirara a ƙofar maigari? Miƙo mani wayata."

Ta kira. Wayar mijin Umaima ce ta shiga, aka miƙa mata. Muryarta ta dushe kamar wadda ta kwana kuka.

"Wallahi Madam na rubuta kowa. Gida-gida na bi."

"Bar rantsuwa, ɗiyata, ba ni labarin aikin. Da mi kika rubuta?"

"Wayar da ƙungiya ta ba ni ta faɗa ruwa, ta mutu. Sai na tahi Urafane da takarduna, wani malamin asibiti ya ara mani tsohuwar ordinatar tashi, na buga duka, na sa a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, na ba direba ya kai biro."

"Sauran ƙauyuka fa?"

"Su da waya suka aika. Nasu ya fito daidai." Sai ta ce a hankali, "Jiya Alkasim, wani manomin garinmu, ya ce in karanta sunan da ke takardar da ƙarfi kowa ya ji. Madam, yaya zan faɗi sunan Baba, uban mijina, da bakina? Na sunkuyar da kai. Sai suka ce ga shi nan, kunyar laifi ta rufe mani baki."

Madam Sa'a ta kashe wayar, ta ɗauki mayafi da tabarau, ba ta ma ƙarasa kununta ba.

Biron ƙungiyar ɗaki biyu ne bayan kasuwa. Ta tarar da Lamine, matashin da ke kula da ordinatar ɗinsu, yana zaune yana kallon ekiran, wato fuskar ordinatar, kamar wanda aka yi wa mutuwa. Ya miƙe ya gaishe ta, ya jawo mata kujera.

"Inna, na san abin da ya kawo ki. Shugaba ya ce in buga takardar sallamarta kafin ya dawo daga Mayahi. Na kasa farawa."

"To kada ka fara. Nuna mani yadda takardar nan ta fito."

Ya nuna mata. Kowane ƙauye yana aiko da fishiye, wato fayil, na rubutu zalla, layi ɗaya gida ɗaya: sunan maigida, girman gona, a ƙarshe sunan gari. Shi kuma yana zuba su duka cikin rumbun bayanai, abin da suke ce wa baz. In ana son jerin wani gari sai a tambayi baz ɗin, ta fitar. Ya buga Tudun Aduwa a gabanta. Suna ɗaya ya fito, Ƙadri Mamudu, ƙasansa fili fari fat.

"Ka buɗe abin da ta aiko da idonka?"

Lamine ya sosa ƙeya. "Ƙauyukan da yawa, Inna, ga kamiyon, babbar motar iri, yana jira. Na zuba, baz ba ta yi ƙorafi ba, na fitar na aika."

"Buɗe yanzu."

Ya sa kile ya buɗe. Sunaye suka cika ekiran, layi bayan layi, har sai da ya yi ta ja ƙasa. Lamine ya dafe kai.

"Suna nan! To ina suka shiga?"

"Ni kake tambaya? Kada ka tambayi baz ɗinka da sunan gari. Tambaye ta da sunan mutum. Alkasim."

Ya buga. Alkasim Garba ya fito, da gonarsa, da garinsa a rubuce ɓaro-ɓaro: Tudun Aduwa. Ya sake tambaya da sunan gari. Alkasim ya ɓace, Ƙadri ya dawo shi kaɗai. Suka dubi juna.

Nan take fanka ta tsaya. An ɗauke kuran, wutar lantarki. Babbar ordinatar ta mutu da wani ɗan kuka, ɗakin ya yi tsit.

"Innalillahi," in ji Lamine. Ya jawo ƙaramar tasa daga jaka. "Akwai kwafin baz a nan, a kanta nake gwaji. Amma batirin ba ya riƙewa."

"To mu daina surutu. Mutum yana cikin gari, an tambayi gari an ce ba ya nan. Ke nan garin da aka rubuta mashi ba shi ne wanda kake tambaya ba, ko da ido ya ce shi ne. Sa ta ƙirga haruffan garin Alkasim, ta ƙirga na garin Ƙadri."

Ya buga. Ya matso da fuska kusa da ekiran.

"Na Alkasim ya fi da harafi ɗaya."

"Wane harafi?"

"Babu shi, Inna. Ba a ganinshi." Can ya buɗe fishiyen da wata manhaja, ya danna wurin da ke tona alamomin ɓoye. A ƙarshen kowane layi sai ga wasu baƙaƙen tambura biyu manne da juna. "Retour chariot! Alamar komawa farkon layi! Wayoyinmu alama ɗaya suke sawa a ƙarshen layi. Ordinatar irin wadda ta ara biyu take sawa. Ni kuma na gaya wa baz ta yanke layi a kan ɗaya kawai. Ɗayar sai ta maƙale a wutsiyar sunan gari."

Madam Sa'a ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta farin ciki ba. Hannunta na hagu ya tashi da kansa ya tura iska, yadda ya saba tura mariƙin mashin in ƙararrawa ta buga.

"Shariyo, mariƙin takarda. Na tura shi har kafaɗata ta lalace. Turi ɗaya aiki biyu: ya mai da takarda farkon layi, ya ɗaga ta sama. Ashe har yau yana nan yana bin mutane." Ta gyara tabarau. "Sauka ƙasa. Ina Ƙadri?"

Ya sauka har ƙarshe. Ƙadri Mamudu ne layin ƙarshe, bayansa babu tambari ko ɗaya.

"Shi ya sa nashi ya fito da tsabta," in ji Lamine, muryarsa ta dawo. "Alhamdu lillahi. Yanzun nan zan share alamar in fitar da sabon jeri. Kafin la'asar na tura wa maigari hoto ta waya."

Ya kai hannu. Ta riƙe masa wuyan hannu da ƙarfin da bai zata ba.

"Kada ka taɓa."

"Inna, gyara ne fa."

"In sabon jeri ya isa Tudun Aduwa yau, mi za su ce? Za su ce an kama ta, ta ji tsoro, ta kira biro an mai da sunayen. Za su samu irinsu, ita kuma ta mutu da sunan maciya amana. Ciwon nan sai sun gan shi da idonsu kafin a warkar da shi. Rufe ta, kada batirin ya zube. Ina moto ɗinka?"

Lamine ya dube ta, ya dubi ƙofa. "Shugaba bai ba ni izini ba. Kuma in na je, sai na ce a gaban gari ni ne ban duba ba."

"Sai ka ce. Kai gobe ka dawo Tasawa. Ita can za ta ɗebi ruwa a rijiya ɗaya da matan nan har ta tsufa."

Ya naɗe ordinatar cikin leda, ya sa a jaka, ya rataya a ƙirji.

Hanyar Urafane ta sha ruwan farko, yashi ya yi nauyi, moto, wato babur ɗin, na tangal-tangal a kai. Hagu da dama gonaki ne a share, an shuka hatsi ya fara tsiro, an bar tsakani ana jiran wake. Gabas kuma hadari na haɗuwa, baƙi ƙirin. Madam Sa'a ta riƙe ƙarfen baya, ƙugunta na amsa kowane rami. Sau ɗaya kawai ta yi magana, da moto ya nutse a wani kwari suka sauka suna turawa.

"In ruwa ya sauko, jakar za ka rufe, ba ni ba."

Suna shiga Tudun Aduwa ana sallame la'asar. Mutane sun riga sun cika gindin gawon da ke ƙofar maigari, maza a gaba, mata a baya jikin danga. Umaima na zaune a tsakiya kan tabarma ita kaɗai, ta ja mayafi har goshi. Can gefe wani dattijo mai farin gemu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shi ne Ƙadri. Wani dogon mutum kuma na tsaye da takarda a hannu yana magana, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni ban ajiye iri ba bana! An ce ƙungiya za ta kawo mai saurin nuna, na yarda, na ba iyalina wanda ke rumbu suka ci. Ga ƙasa ta jiƙa, ga hannuna wayam. Wa zan kama?"

Wannan ne Alkasim. Madam Sa'a ta yi sallama, ta ratsa maza tana ɗingishi, ta durƙusa ta gaida maigari.

"Ranka ya daɗe, ni baƙuwa ce daga Tasawa, ni na koya wa yarinyar nan buga rubutu. Ga ma'aikacin biro na zo da shi. Ina roƙon a ba mu ɗan lokaci kafin a yanke magana."

"An ɗauko mata lauya," wani ya faɗa daga baya.

"Baba tsohuwa," in ji Alkasim, "da girmanki. Takarda ga ta. Mashin ya hiddo ta, ba mutum ba."

"Shi ya sa na kawo maka mashin ɗin, ɗana. Ka iya karatun boko?"

"Ina gane sunana."

"Ya isa. Zo ka zauna nan."

Maigari ya ɗaga hannu, hayaniya ta lafa. Lamine ya buɗe ordinatar a kan turmi da aka kife. Haske ya hana ganin ekiran, sai Madam Sa'a ta cire mayafinta na sama ta ba mutum biyu suka riƙe ya yi inuwa. A kusurwar ekiran alamar batir ta riga ta yi ja.

"Wanga shi ne abin da Umaima ta aiko, ba a taɓa shi ba. Nemi sunanka."

Alkasim ya bi da yatsa, ya daɗe. Yatsan ya tsaya.

"Ga shi." Ya ɗago. "To yanzu kuka sa shi."

"Na san za ka ce haka. Duba can ƙasa, sunan wa ke ƙarshe?"

Lamine ya karanta masa: Ƙadri Mamudu.

"Lamine, ɗauke Alkasim daga inda yake ka mai da shi ƙarshe. Kada ka cire kowa, kada ka ƙara kowa. Alkasim, kalli hannunshi da kyau. In an gama ka zuba a baz yadda ka zuba wancan karon, ka tambaye ta mutanen Tudun Aduwa."

Iska ta taso mai sanyi, ta kaɗa mayafin. Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar maɓallai. Madam Sa'a ta tsura wa ekiran ido. A biro ba su gwada wannan ba, lissafinta ne kawai. In ya ƙi, ta ƙara wa yarinyar nan wuta ke nan.

Lamine ya danna. Suna ɗaya ya fito.

"Karanta mana," in ji ta.

Alkasim ya kau da kai daga ekiran.

"Karanta mana, Alkasim," in ji maigari.

"Alkasim Garba."

"Sai wa?"

"Ni kaɗai."

"A'a, Alkasim!" wani tsoho ya ce. "Ashe kai ne ka share mu!"

Dariya ta ɓarke ta mutu nan da nan, don fuskar Alkasim ta yi baƙi.

"Haɗin baki ne! Yaron nan ya shirya abinshi tun daga Tasawa, ya san ni za a kira."

"To zaɓi gida da kanka," in ji Madam Sa'a. "Wanda ka ga dama. Amma yi sauri, mashin ɗin na gab da mutuwa."

Ya waiga, idonsa na yawo cikin taro. "Gidan liman."

Liman ya ce, "Subhanallahi, ni kuma?"

Lamine ya sake yi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Wani gargaɗi ya faɗo a tsakiyar ekiran, ya kawar da shi da sauri. Ya danna. Sunan liman ya fito shi kaɗai, ƙasansa fili.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Lamine ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, ordinatar da ta ara tana sa wata alama a ƙarshen kowane layi wadda ido ba ya gani. Tawa ba ta san da ita ba, don ni ban gaya mata ba, ban kuma buɗe na duba ba. Duk layin da ke da alamar sai ya ɓace in an tambayi gari. Layin ƙarshe ne kawai ba ya da ita."

Alkasim bai gamsu ba tukuna. Muryarsa ta sauka, amma bai saki ba.

"Gidan Malam Ƙadri ne na farko in ka shigo gari. Cikinshi take kwana. Don mi ya zama na ƙarshe?"

Duk idanu suka koma kan tabarma. Umaima ba ta ɗago ba. Daga jikin danga wata tsohuwa ta ja tsaki.

"Kai dai namiji ne, Alkasim. Wace suruka ce ke gaggawar rubuta sunan uban mijinta?"

Umaima ta yi magana, sai da aka matso aka ji ta.

"Na yi ta tsallake shi. Da ya rage shi kaɗai, ga malamin asibiti tsaye a kaina, na buga da sauri na rufe. Ban ko sauka sabon layi ba."

Dattijo Ƙadri ya daina jan carbi, ya sa bakin rawani ya share ido.

Ɗigon farko ya faɗo a kan turmi. "Yanzu gyara," in ji Madam Sa'a. Lamine ya durƙusa ya ƙara 'yan haruffa a umarnin, ya gaya wa baz layin nan da alama biyu yake ƙarewa, ya share gwajin ya sake zubawa. Sunaye suka zubo, suka cika ekiran. Ya fara karantawa da ƙarfi, kowane maigida na amsa "Na'am" daga inda yake. Ya karanta Alkasim Garba, aka ji amsar can ƙasa-ƙasa. Bai kai rabi ba ekiran ya yi baƙi. Ya rufe ta ya tura cikin leda, ya ce gobe da safe jerin zai zo a takarda tare da kamiyon iri.

Ruwa ya fara sauka sosai, amma ba wanda ya tashi. Maigari ya dubi Madam Sa'a.

"Hajiya, waɗanda ke jikin danga ba su ga mashin ba. Faɗa masu da Hausa, su kai gida."

Ta karɓi mayafinta a jiƙe, ta juya wajen matan, ta ɗaga murya.

"Umaima ta rubuta kowane gida na Tudun Aduwa, ba ta cire kowa ba. Ordinatar da ta ara ta sa alama biyu a ƙarshen layi, ta biro tana jiran ɗaya. Gidan surukinta ya fito shi kaɗai don shi ta rubuta a ƙarshe."